Ƙaga Labari Sana'a Ce, A Koya Wa Ɗalibai Ita

Jama'a, akwai wani al'amari da ya daɗe yana damunmu game da koyar da Hausa a kwalejojin horon malamai. Mun ga ya kamata yau mu baje shi a faifai, ko Allah ya sa malamai da akawuna da sauran masu karatu su taya mu dubawa.

Kwanan baya mun zauna da takardun wani aji a wata kwaleji, inda aka umurci ɗalibai kowa ya ƙago labari nasa na kansa. Rubutun hannu ba laifi, ƙa'idojin rubutu ma da dama-dama. Amma da muka karanta sai muka tarar labarin ne babu. Wani ya kwaso tatsuniyar gizo da ƙoƙi ya zuba kamar yadda kakarsa ta gaya masa. Wani ya kama wa'azi tun layin farko, bai sauka ba sai da takarda ta ƙare. Wani kuwa ya kwashi mutanensa ya kai su wata ƙasa mai dusar ƙanƙara wadda bai taɓa gani ba. Malamin ajin ya bi ya gyara ƙugiyoyin haruffa, ya ba da maki, shi ke nan.

Mu dai ba mu ga laifin yaran nan ba. An ce su gina ɗaki, ba a nuna musu yadda ake kwaɓa ƙasa ba. Ra'ayinmu shi ne ƙaga labari sana'a ce kamar saƙa da ƙira da jima, tana da ginshiƙanta waɗanda za a iya koya wa kowane ɗalibi, lalle ne kuwa a ba ta wuri a cikin darasin Hausa.

Abin da ya ƙara mana takaici shi ne a nan ƙasar Zazzau aka yi renon ƙagaggen labari na boko. A cikin 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga biranen Arewa yana neman malamai su rubuto labarai don gasa. Ya sha wuya, domin da yawansu suna ganin alƙalami na addini ne da tarihi, labarin da aka ƙaga kuwa hirar dare ce ta mata da yara. Duk da haka aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ku lura, Imam da Tafawa Ɓalewa a lokacin nan samarin malaman makarantar Midil ne, ba su daɗe da fita Kwalejin Katsina ba, ba kuwa wanda ya kai shekara 25 a cikinsu. Watau tsaran ɗalibanmu ne. To, mene ne suka riƙa wanda namu ba su riƙa ba?

Na farko, mutum. Kowane labari na wani ne, sai a san ko wane ne shi, a ba shi suna da hali da sana'a, har mai karatu ya ji kamar ya taɓa gamuwa da shi a kasuwa. Masana suna kiransa tauraro. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja zai iya manta sunayen garuruwan da aka ratsa, amma ba zai manta da Malam Zurƙe ba, don kuwa halinsa na shaƙiyanci da ramuwar gayya yana tare da shi duk inda ya ɓullo. A hana ɗalibi rubuta cewa wane mugu ne ko wane karimi ne. A ce ya nuna mana abin da wanen ya aikata ranar da maƙwabcinsa ya zo aron hatsi, mu za mu yanke masa hukunci da kanmu.

Na biyu, bukata da abin da ya tare ta. Ga misali. Yaro ya rubuta cewa ya tashi daga Shika, ya shiga mota, ya wuce Samaru, ya isa Sabon Gari, ya sayi takalmi, ya komo gida. Wannan bayanin tafiya ne kawai, ba wanda zai matso kusa don ya ji ƙarshensa. Amma a ce ubansa ne ya sayar da akuya ya ba shi kuɗin ya sayo wa uwarsa magani, ya isa kasuwa ya sa hannu a aljihu ya tarar an yanke, ga rana tana shirin faɗuwa, ga kuma wani tsohon abokinsa na makaranta yana ce masa zai ba shi kuɗin in ya yarda ya kai wani ƙunshi wani gida ba tare da ya tambayi abin da ke ciki ba. Nan take kowa a aji zai ce, sai aka yi yaya? Wannan tambaya ita ce ran labari. Alhaji Imam ya bar gida ne don ya nemo ruwan da zai wanke kunyar da aka ba mijin uwarsa a fada, uwar Shaihu Umar kuwa ta ƙetare Sahara ne tana neman ɗanta da aka sace. In aka cire waɗannan bukatu, littattafan biyu sun rushe.

Na uku, wuri da lokaci. Ɗalibi ya rubuta abin da idonsa ya gani, ƙafarsa ta taka. Wanda ya tashi tsakanin Shika da Sabon Gari ba shi da hujjar aron ƙasar wasu. Ga gonar gwajin dabbobi ta Shika, wadda aka kafa tun 1928. Ga Samaru, inda aka fara binciken aikin gona a 1922, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, har ɗan manomi da ɗan birni suka zama 'yan ɗaki ɗaya. Ga Sabon Gari, wanda hanyar jirgin ƙasa ta haifa, inda Bahaushe da Bayarabe da Banufe da Ibo suke ciniki rumfa na jingine da rumfa. Ga ƙurar hunturu a hanyar Funtuwa, ga dutsen Kufena, ga kogin Galma da damina. Abu biyu ko uku na gaskiya irin waɗannan sun isa su sa mai karatu ya yarda da sauran abin da aka ƙaga.

Na huɗu, zubi da tsari. Labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kowane abu kuwa shi ke jawo na bayansa, kamar yadda zare ke bin allura. A Jiki Magayi, mai dukiya ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, wannan ya sa Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, ramuwar ta faɗa kan ɗan da aka haifa, ɗan ya lalace, daga ƙarshe ya zama ajalin ubansa. Ba inda marubutan suka jefo wani abu daga sama don su fid da kansu. Ɗalibanmu kuwa, in labari ya cushe musu, sai su ce ashe mafarki ne, ko su sa mota ta kaɗe mugun. A gaya musu wannan zamba ce ga mai karatu.

Na biyar, bakin mai ba da labari da bakin mutanen ciki. Tun kafin a ɗora alƙalami sai a san wa ke magana, da wa yake yi. Shaihu Umar da kansa yake ba almajiransa labarin rayuwarsa, shi ya sa maganar ta fito da natsuwa irin ta dattijon malami. A Magana Jari Ce aku ne yake ta jero labaru don ya tsare Musa ɗan sarki kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, saboda haka kowane labari yana da aikin da yake yi. Haka nan mutanen ciki, kowa a ba shi bakinsa. Dillaliya ba ta magana kamar alƙali, ɗan kamasho ba ya gaisuwa kamar liman.

Wani zai ce, to, ina darasi? Darasi yana nan, shi ne jigo, amma kamar gishiri yake a miya, a ji shi a baki, kada a gan shi a ƙwarya. In yaron nan na Shika ya karɓi ƙunshin, muka ga abin da ya biyo baya, ba sauran bukatar a rufe da shafi guda na gargaɗi.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, ba kuwa za mu raina maganarsu ba. Waɗansu dattawa suna cewa koya wa yara ƙarya ne. Amsarmu ita ce maƙaryaci so yake a ɗauki zancensa gaskiya don ya cuci wani, mai ƙaga labari kuwa shi da mai karatu duk sun san misali ake bugawa. Waɗansu malamai suna cewa ba lokaci, ga jarrabawa a gaba. Su tuna cewa akawun da aka aika ya rubuto rahoton rikicin manomi da makiyayi, abin da shugabansa ke nema shi ne su wane ne, me kowa ke so, a ina, yaushe, me ya jawo me. Ginshiƙan nan ne dai. Malamin da zai koyar da tarihin Sarauniya Amina ga yara arba'in bayan azahar, in bai iya jan labari ba, barci za su yi. Waɗansu kuma suna cewa baiwa ce, ba a koyonta. Gaskiya ne Allah ya fifita wani a kan wani, amma Imam kansa, duk da baiwarsa, sai da aka kawo shi Zariya a 1936 ya zauna watanni tare da East, yana karanta labarun Larabawa da na Indiya da na Turai, ana dubawa ana gyarawa, kāna Magana Jari Ce ta fito. A shekarar 1939 shi ne ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Shawararmu ga malamai ba mai tsada ba ce. A ware darasi ɗaya kowane mako. A karanta babi guda daga littattafan nan, a tambayi ɗalibai abubuwa biyar ɗin da muka zana. Sa'an nan kowa ya rubuto shafi biyu game da garinsu, ya tashi ya karanta a gaban aji, malam ya lura da inda 'yan'uwansa suka yi tsit da inda suka fara hamma. A raba maki biyu, rabi na ginin labari, rabi na ƙa'idojin rubutu. A mayar masa ya sake, don ba a saƙa zane mai kyau ran da aka fara zama a masaƙa.

Masu karatu suna nan suna jira. Tun daga shekarun 1980 marubutan Kano, da yawansu mata, suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu ana saye, a 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai. Ɗalibin da ke gabanmu yau gobe shi ne malamin aji a Shika ko Giwa ko Soba, abin da muka hana shi kuwa ba zai iya ba yaransa ba. In muka yi sakaci, 'ya'yanmu za su tashi sun san labarun kowa, ban da na ƙofar gidansu.

Allah ya ba malamai haƙuri da basira, ya sa mu dace, amin.