Masu kek ɗin biki a Gafasa: A biya ɗanɗano, a rubuta ciniki

Da zarar an kawar da amfanin gona a Gafasa da sauran mazaɓun Ƙaramar Hukumar Ajingi, sai bukukuwan aure su kankama, haka ma a makonnin da ke gabanin azumi da kuma bayan Sallah. A irin waɗannan lokuta ne mata masu sana'ar kayan gara suka fi samun aiki. A da alkaki da nakiya da dubulan da cincin ne ke cika fanteka. Yanzu kek ya shigo sahu: akwai ƙanana da ake gasawa a gwangwani a sa cikin gara ko a raba wa mahalarta, akwai kuma babba mai hawa da ake yankawa ranar kamu ko yinin biki. Masu yin sa matan aure ne da 'yan mata da suka koya a Gaya ko Wudil ko Kano, wasu kuma ta wayar hannu, kuma jarin da yawansu bai wuce na aiki ɗaya ko biyu ba.

Mace mai irin wannan jari, tun kafin ta fasa ƙwai ake yanke ribarta ko asararta, a zaman da take yi da masu biki domin a ɗanɗana aikinta a kuma daidaita farashi. Wannan zama shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana cin kek ɗin gwaji kyauta, a yi ciniki da fatar baki, a rabu a kan "Allah Ya kai mu." Lokaci ya yi da za a ɗauki zaman a matsayin wani ɓangare na aikin, a biya kuɗin abin da aka ɗanɗana, a kuma rubuta abin da aka yi alkawari.

Duk wanda ya san harkar ya san yadda zaman ke gudana. Amarya za ta turo hoton kek da ta gani a Instagram ko TikTok, wanda aka yi a Abuja ko Legas cikin ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Ranar zuwa gani, sai ta zo da ƙawaye uku da gwaggo da ƙanwar uwa. Mai kek ta kunna gawayi tun safe, ta gasa kala biyu ko uku, ta haɗa da zoɓo domin fita kunyar baƙi. A ci, a yaba, a ƙunsa wa Hajiya nata a leda. Idan aka zo maganar kuɗi, sai gwaggo ta ce, "Haba 'yar nan, ai ke ta gida ce, ba za mu ɓata ba." Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu komai, Gwaggo." Wani lokaci daga ranar ba za ta sake jin ɗuriyarsu ba, sai dai labari ya iske ta cewa an kai aikin Gaya.

A ɗauki misali domin a ga girman ɓarnar. A ce kayan haɗin kek ɗin gwaji da gawayi suna cin naira 4,000 a kowane zama. Idan gida biyar suka zo ɗanɗano a wata guda, biyu kacal suka ba da aiki, to naira 12,000 sun tafi a kan waɗanda ba su dawo ba, ban da wunin da ta ɓata. Babban gidan kek a Kano zai iya shanye wannan a matsayin kuɗin talla, domin yana da masu saye kullum. Wadda ke gashi a tukunyar yashi a tsakar gida a Gafasa kuwa, wannan kuɗin shi ne fulawa da sukarin aikinta na gaba.

Al'adar yanka farin kek mai kwalliyar sukari a wajen aure daga Turai ta zo, kuma auren Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840 yana cikin abubuwan da suka ƙara mata farin jini. A can inda al'adar ta samo asali, ƙananan masu kek da yawa suna sayar da ɗan akwatin ɗanɗano ne, sannan su cire kuɗinsa daga farashin babban kek idan an ba su aikin. Babu abin da zai hana a yi haka a nan. Mai kek ta ware rana guda a mako ko biyu, ranar da dama tana da gashi, ta ɗebi kaɗan daga kwaɓin ta gasa a ƙananan gwangwanaye. Kala uku sun isa. Ta sa musu farashin da zai mayar da kuɗin kaya, ta faɗa tun a waya cewa mutum biyu ko uku take jira, kuma za a cire kuɗin daga ciniki idan an daidaita.

Za a ce wannan rowa ce, kuma a gari kamar Gafasa da kowa ɗan uwan kowa ne, wadda ta nemi kuɗin ɗanɗano za ta yi baƙin jini. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin a karkara sunan mutum shi ne tallarsa. Sai dai babu wanda ke zuwa wajen tela ya ce a ɗinka masa rigar gwaji kyauta kafin ya kawo ɗinkin Sallah, kuma ɗanɗanon da mai tsire ke bayarwa yanka guda ne daga naman da ya riga ya gasa domin sayarwa. Kek ɗin gwaji kuwa aiki ne sukutum da aka yi domin gida ɗaya. Mai kek na da damar yi wa wanda ta ga dama kyauta, amma ta yi da saninta da ganin damarta, ba don an ɗaure ta da jijiyar zumunci ba.

Bayan ɗanɗano sai farashi, kuma nan ne canjin zamani ya fi yi wa masu ƙaramin jari illa. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawa da ita a Najeriya daga ƙasashen waje ake shigo da ita, haka ma ɗanyen sukari, don haka farashinsu yana bin dala. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, kaya sun yi ta tashi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a watan Yunin 2024. Ko da wasu kayan abinci sun sauko daga baya, darasin yana nan: farashin da aka yanka yau domin bikin da ya rage wata biyu zai iya zama asara kafin ranar. Ga kuma kuɗin mota, tunda wadda ke Gafasa sai ta je ko ta aika Gaya ko Wudil, wani lokaci har Kasuwar Singa da ke Kano, kafin ta samu bota da filebo da kayan kwalliya.

Maganin wannan shi ne kafin alƙalami da zai isa a sayi duk kayan da ba sa lalacewa, wato fulawa da sukari da bota da kwalaye, a cikin makon da aka yi ciniki. Ƙwai da madara su jira sai biki ya matso, a kuma faɗa tun farko cewa idan kiret ya tashi, masu biki ne za su cika. Wadda ta karɓi wannan kuɗi kuma ta sani amana ce aka ba ta domin wani aiki takamaimai. Ba na zubin adashi ba ne, ba kuma na kammala aikin wani gida ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai tambayar da ba a son yi a zaman farin ciki, amma dole a yi ta: idan aka ɗaga biki saboda rasuwa, ko aka fasa auren baki ɗaya, yaya za a yi da kuɗin? A mazhabar Malikiyya da akasarin jama'ar wannan yanki ke bi, ba a yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami don kawai mai saye ya janye ba, kuma Imamu Malik ya kawo wannan mas'ala a farkon babin ciniki na Muwaɗɗa. Malaman Hambaliyya sun halatta. Hanyar da za ta fi raba gardama ita ce a amince tun farko cewa kuɗin na sayen kaya ne da sunan masu biki. Idan an fasa, a mayar musu da ragowar kuɗi da kayan da ba a taɓa ba. Idan kuwa an riga an kwaɓa ko an gasa, kek ɗin nasu ne, kuma ladan aikin da aka yi yana wuyansu. Wanda ke da shakka ya tambayi malamin unguwarsu kafin a karɓi ko sisi.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan ya tsaya a baki. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida ta sauka, kuma malaman fiƙihu sun shar'anta cewa a cinikin abin da za a kawo nan gaba, a san yawansa da siffarsa da ranar kawo shi. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya wadatar. A rubuta yawan ƙananan kek da girman gwangwanin da za a gasa su, hawa nawa ne babban, launi da irin kwalliya, sunan da za a rubuta a kai, rana da lokaci, abin da aka biya da abin da ya rage, da wanda zai ɗauka ya kai. Wadda ba ta boko ta rubuta da ajami, ko ta karanto sharuɗɗan a saƙon murya na WhatsApp, ɗaya ɓangaren ya amsa da "na yarda." Idan an biya ta POS ko turi ta waya, a adana shaidar.

A cikin wannan rubutu, a ambaci mutum ɗaya tak da ke da ikon canja wani abu. Bikin Bahaushe yana da masu faɗa a ji da yawa: amarya na son ruwan hoda, uwarta na son a ƙara yawa, ƙawaye na son hawa uku, ango da zai biya kuma bai halarci zaman ba. Tunda yawancin masu sana'ar a cikin gida suke, namijin da ke riƙe da kuɗin ba ya shiga, sai dai a yi ta aike ta bakin yara, magana tana canjawa a hanya. Kiran waya guda a gaban kowa, ko sa mijin mai kek ko yayanta ya tabbatar da lissafin da ango, zai hana rigimar ranar biki.

Su ma masu kek suna da nasu laifin, kuma gyara ba zai yiwu ba sai sun karɓe shi. Akwai mai ɗora hoton aikin wata a matsayin nata. Akwai mai zuba ƙwai da bota sosai a kek ɗin gwaji, ranar biki kuma ta tsuke hannu ta ƙara bakin hoda domin ya kumbura. Wannan algus ne, ba shi da bambanci da na mai jiƙa hatsi kafin awo. Abin da aka ɗanɗana shi ne alkawarin, kuma da wannan ma'aunin za a gasa na biki.

Haka nan zaman shawara wuri ne na faɗa wa masu biki gaskiyar abin da ba zai yiwu ba. Bota tana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, alhali a watannin Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Kano yana haura digiri 40. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a karkara, kuma ba a manta da yadda yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoban 2024 ba. Kek mai hawa uku da kwalliyar bota, a ɗora shi a babur a bi hanyar burji da rana tsaka, ba zai isa yadda ya bar gida ba. Ƙwararriya za ta ce, "Hajiya, wannan na hoton ba zai jure zafin nan ba, ga wanda zan iya tsaya miki a kai," ta ba da shawarar hawa ɗaya ko biyu, ko a kai kowane hawa daban a haɗa a can. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hukumomi ma suna da rawar takawa. Shirye-shiryen koya wa mata sana'a da gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi ke shiryawa sun fi mayar da hankali ga kwaɓi da gashi, a raba kayan aiki a ɗauki hoto a watse. Ya kamata Ma'aikatar Mata ta Jihar Kano da Ƙaramar Hukumar Ajingi da hukumar SMEDAN su sa darasin lissafin farashi da rubuta yarjejeniya a cikin kowane horo, da Hausa, da misalan kasuwar yankin. Malaman Islamiyyun matan aure su ware lokaci ga babin ciniki kamar yadda suke ware wa tsarki da sallah. Masu sana'ar a Gafasa da ƙauyukan kewaye kuma su haɗa kai a kan ƙa'ida guda ta ɗanɗano da kafin alƙalami, domin muddin ɗaya tana bayarwa kyauta, sauran ba za su iya tsayawa a kan nasu ba.

Ga iyayen amare da angwaye, kuɗin ɗanɗano ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da ake kashewa a anko da lalle da kayan ɗaki, kuma zai dawo cikin ciniki idan an ba da aikin. Wadda ke tsugune gaban gawayi tana gasa wa 'yarsu kek, sau da yawa da ribar wannan aikin take sayen littafin 'ya'yanta ko take tara wa tata 'yar kayan ɗaki. Kafin bukukuwan bana su kankama, kowace mai kek ta tanadi littafinta, kowane gida kuma ya zo zaman da kuɗin ɗanɗanonsa a hannu.