Gida Mai Taya Huɗu: Yadda Ake Ratsa Sahara da Duwatsu

Yau za mu duba wata mota da ake kwana a cikinta, a yi girki a cikinta, a kuma yi tafiyar wata da watanni da ita. Tana da gado, da risho na gas, da tankin ruwa, da ɗan firji, ga faifan sola a kan rufi. A Turai da Amurka iyali kan saye ta ko su yi hayarta don yawon buɗe ido.

A shekarun 1970 da 1980 Turawa da yawa sun bi ta ƙasarmu da irin waɗannan motoci. Sukan tsallako teku zuwa Aljeriya, su gangaro Tamanrasset, su shigo Nijar ta Asamaka, su wuce Arlit da Agadas da Damagaram, sai Kano. Daga birnin Aljas zuwa Legas hanyar ta kai kusan kilomita 4,500. Mu ma muna da namu gwanaye. Newton Jibunoh ya ratsa Sahara da mota har sau uku, na ƙarshe a 2008. A 2024 kuma Pelumi Nubi ta tuƙo 'yar ƙaramar mota ƙirar Peugeot 107 ita kaɗai daga Landan, tana kwana a ciki, ta iso Legas ranar 7 ga Afrilu. Ita ta Maroko da Muritaniya ta biyo, don rashin tsaro ya sa masu yawon buɗe ido sun ƙaurace wa hanyar Agadas.

To, me rairayi yake buƙata? Mota mai nauyi nutsewa take yi, don haka direba kan rage iskar taya. Tayar sai ta baje, nauyin ya rarrabu a kan faɗi, kamar dai tafin raƙumi. Yakan ɗauki shebur, da faranti na ƙarfe da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin taya idan ta kafe, da safayar taya biyu, da jarkokin mai. Daga Asamaka zuwa Arlit kusan kilomita 200 ne, kuma kada ka sa ran gidan mai ko mai faci a tsakani.

Dutse kuwa nasa halin daban. A tsaunukan Hoggar na Aljeriya akwai ƙololuwar Tahat mai tsayin mita 2,908, a Abzin na Nijar kuma tsaunin Bagazan ya haura mita 2,000. Iska takan yi ƙaranci idan an hau sama, sai ƙarfin inji ya ragu. Ruwa ma yakan tafasa kafin ya kai digiri 100, shi ya sa wake ke daɗewa bai nuna ba. Wajen gangarowa direba mai hankali ƙaramar giya yake sawa, domin idan ya dogara da birki kaɗai, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Da dare a lokacin hunturu, sanyin can yakan daskarar da ruwa.

Ga ɗan lissafi. A ce mutum huɗu ne, kowa yana buƙatar lita 5 a rana don sha da girki, tafiyar kuma ta kwana 10 ce. Lita 200 ke nan, wato jarka 8 masu lita 25, nauyin kilo 200. Ba a ma zo maganar wanka ko ruwan lagireto ba.

Wannan lissafin ba na wasa ba ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, bayan motocin da suka ɗauko su zuwa Aljeriya sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Da yawansu daga yankin Kance suka fito, can kusa da mu, kuma Hausa suke yi kamar ni da ku. Hanya ɗaya ce da ta masu yawon buɗe ido, shirin ne ya bambanta. Saboda haka duk wanda ya ce muku tsallaka Sahara abu ne mai sauƙi, ku tambaye shi: lita nawa, mota nawa, wa ya san hanya? Ƙa'idar matafiya ita ce mota ɗaya ba ta shiga hamada ita kaɗai, kuma idan ta lalace a zauna kusa da ita, don masu ceto sun fi saurin hango mota a kan mutum.

Ku 'yan Haɗeja da Kiri Kasamma kuna da malaman wannan darasi a ƙofar gida. Dausayin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008, yana karɓar agwagin ruwa da wasu tsuntsaye da ke tsallako Sahara daga Turai da shigowar hunturu. Wajen Maris da Afrilu, kafin su koma, sai sun ci sun ƙoshi sun tara kitse, wasu ƙanana har nauyinsu ya kusan ninkawa. Kitsen nan shi ne mansu na tafiya. Idan dausayin ya bushe, ko aka sare bishiyoyinsa, guzurinsu ne aka taɓa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Aikin wannan mako: ku buɗe taswira, ku bi hanya daga Haɗeja zuwa Agadas ta Kano da Damagaram. Idan motarku tana shan lita 15 a kowace kilomita 100, lita nawa za ku tanada? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.