Raddi ga masu rufe ƙofar tuba

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin Kiristoci masu jin Hausa a kan babbar hanyar da ta tashi daga Lome, ta ratsa Sokode da Kara da Mango har Dapaong. Wai duk wanda Ubangiji ya ba nasara a kan wani zunubi, ya tsaya gaban ikkilisiya ya ba da shaida, sannan ya koma gidan jiya, to tun asali bai sami ceto ba, kuma ƙofa ta rufe masa. Misalin da aka fi kawowa shi ne mashayi, wanda ya bar giyar cukutu, aka yi masa baftisma, ran nan aka gan shi a rumfar mai sayarwa da ƙwarya a hannu. Masu wannan magana 'yan'uwana ne, na kuma san kishin tsarki ne ya kai su. Amma hujjojinsu ba su tsaya ba.

Sun ce Ibraniyawa 6:4-6 ta yanke hukunci. Amsa ita ce, a duba wa aka rubuta wa. Masu bi ne da tsanani ke tura su su bar Almasihu ɗungum, su wulaƙanta shi a fili. Ridda ake nufi. Wanda ya zo gidan fasto da dare yana kuka, yana roƙon a yi masa addu'a, ai tuban da ayar ta ce ba ya yiwuwa shi ne ake gani a idonsa.

Sun ce Yahaya ta Fari 2:19 ta nuna masu fita ba namu ba ne tun farko. Su sauka zuwa aya ta 22: maganar masu musun cewa Yesu shi ne Almasihu ake yi. Farkon wannan surar kuwa ya sanar da mai bi da ya yi zunubi cewa yana da mai tsaya masa wurin Uba.

Sun ce bayan nasara ta gaske babu faɗuwa. To, Nuhu fa? Bayan ruwan tufana ne ya sha ya bugu. Dawuda sai da ya gama da maƙiya da yawa ya zauna daram a Urushalima kafin ya ɗauki matar Uriya. Iliya ya kunyata annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, saƙon Yezebel guda ya sa ya gudu jeji yana roƙon mutuwa. Za su ce waɗannan duk kafin saukowar Ruhu Mai Tsarki ne. Madalla. Bitrus da ya yi wa'azi ranar Fentikos mutum wajen 3,000 suka tuba, shi ne a Antakiya tsoron mutane ya sa ya janye daga cin abinci da al'ummai, har Bulus ya tsauta masa a gaban kowa, kamar yadda Galatiyawa 2 ta nuna. Tsoron nan kuwa shi ne ya kayar da shi a farfajiyar babban firist. Tsohon ciwo ne ya tashi. Wa zai ce Bitrus bai taɓa samun ceto ba?

Gardamar ma ba sabuwa ba ce. A 250 Sarki Desiyus na Roma ya tilasta wa kowa yin hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, masu bi da yawa suka yi. A 251 Nobatiyan ya ce ikkilisiya ba ta da ikon karɓarsu, ya ware daga Bishop Karniliyus. Sifiriyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya ce a karɓe su bayan horo. Majalisar Nikiya ta 325 ta sharɗanta wa limaman Nobatiyawa masu son dawowa su rubuta alkawarin yin zumunci da waɗanda suka faɗi. Katolika na dayosis ɗin Sokode, da aka kafa a 1955, da na Dapaong, na 1965, wannan hukuncin suka gada, shi ya sa mai laifi ke da inda zai je ya furta.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi, ba zan raina ta ba. Sun ce maƙwabta na kallo. Gaskiya ne. A Kparatao, garin Sarki Jobo Bukari na Tem wanda ya karɓi Musulunci a ƙarni na 19, Kirista 'yan kaɗan ne, idan ɗaya ya yi abin kunya duk ikkilisiya ake nuna wa yatsa. Saboda haka a sa shi a horo, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji, ya sauka daga muƙami, ya mayar da abin da ya ci na wani. Haka Bulus ya umarci Korantiyawa a wasiƙa ta fari, sura 5, amma a ta biyu, sura 2, ya ce a yafe wa mai laifi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san tuba, ba za su yi mamakin ganin mun karɓi mai tuba ba. Abin da rufe ƙofa ke haifarwa shi ne ɓoyo: na gaba da zai faɗi ba zai gaya wa dattawa ba, zai ci gaba da waƙa cikin mawaƙa ran Lahadi, ran kasuwa kuma ya nemi rumfar da ba a san shi ba.