Injin Sassaƙa Ya Shiga Gida: Halin Da Masu Aikin Katako Na Sha'awa Suke Ciki

Daga Wakilinmu

Cikin shekarar 2025 an zartar da wasu hukunce-hukunce guda biyu a ƙasar Amurka waɗanda ba su sami shiga kanun labarai a wannan ɓangare na duniya ba, amma sun taɓa wata jama'a mai yawa da ke aikin katako a cikin gidajensu. Na farko daga gwamnati ya fito. Tun daga 2016 dokar kwastan ta Amurka ta yafe haraji a kan duk ƙunshin kayan da aka aiko daga waje, muddin kuɗinsa bai wuce dala 800 ba. Ran 2 ga Mayu aka soke wannan rangwame a kan kayan da ke fitowa daga Sin da Hongkong, sa'an nan ran 29 ga Agusta aka soke shi a kan na sauran ƙasashe duka. Na biyu kuwa daga wata kasuwar intanet ya fito, mai suna Etsy, inda masu sana'ar hannu ke baje kolinsu. A watan Yuni kasuwar ta gyara ƙa'idarta, ta ce duk abin da mutum ya yi da inji mai aiki da kwamfuta, tilas zanen ya kasance nasa ne na kansa kafin ya sa shi a kasuwa da sunan aikinsa.

Jama'ar da ake magana a kanta ba kafintoci ba ne na asali. Akasarinsu malaman makaranta ne, da akawuna, da injiniyoyi, da tsofaffin da suka yi ritaya, waɗanda suka mai da garejin mota ko ɗakin ƙarƙashin gida wurin aiki. Abin da ya haɗa su shi ne wani injin sassaƙa wanda kwamfuta ke tuƙawa, wanda Turawa suka taƙaita sunansa da haruffa uku, watau CNC.

Yadda injin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Akan ɗaure katako a kan tebur, a samansa kuma akwai wani ƙarfe mai kaifi da ke juyawa sau 10,000 zuwa 30,000 a minti guda. Wasu ƙananan injuna masu tafiya taki-taki su ke jan wannan ƙarfe ta fuska uku: dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa. Mai aiki zai zana abin da yake so a kwamfuta, wata manhaja kuma ta mai da zanen jerin umarni, layi bayan layi. Alal misali, G0 na nufin a garzaya wuri kaza ba tare da yanka ba, G1 a yanka a miƙe, G2 kuwa a yanka a lanƙwashe. Da waɗannan 'yan umarni ake fitar da ƙofa mai ado, ko allon suna, ko ƙafafun kujera ɗari waɗanda ba a iya bambanta ɗaya da ɗaya.

Asalin abin ba shi da dangantaka da katako ko kaɗan. A ƙarshen shekarun 1940 wani mutum mai suna John Parsons, wanda masana'antarsa ke ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu a jihar Michigan, shi da injiniyansa Frank Stulen, suka fara amfani da na'urar lissafi wajen fitar da ma'aunin lanƙwasar fiffike. Rundunar mayaƙan sama ta Amurka ta ba da kuɗin ci gaba da binciken a 1949, aikin kuma ya koma hannun Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda ta nuna wa duniya injin farko a 1952. Wancan inji zaren takarda mai huji-huji yake karantawa, kuma akwatunan lantarkin da ke tuƙa shi sun kusa fin injin kansa girma. Shekara da shekaru bayan haka, in ban da masana'antun jiragen sama da na motoci, babu mai ƙarfin sayensa.

Ya kamata mai karatu, musamman ma'aikacin gwamnati, ya lura da wannan wuri. Masu wannan sha'awa suna yawan alfahari da cewa su 'yan gashin kansu ne, ba su jira kowa ba. Alhali kuwa kuɗin baitulmali ne ya haifi injin, kuma hukumar ma'auni ta gwamnatin Amurka ce ta rubuta wata manhajar tuƙa shi cikin shekarun 1990, ta bar ta kyauta ga duk mai so. Ita ce daga baya masu sa kai suka ɗauka suka raya ta da sunan LinuxCNC.

Saukowar farashi a hankali ta zo. A 1996 wani malamin Jami'ar Duke mai suna Ted Hall, wanda ke son ƙera kwalekwale a lokacin hutunsa, ya kafa kamfanin ShopBot bayan ya haɗa wa kansa inji mai araha don yankan katakon kwalekwalen. A 2005 aka fito da wani ɗan ƙaramin allon lantarki mai suna Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya, wanda bai fi tafin hannu ba. A 2009 wani ɗan ƙasar Norwe, Simen Svale Skogsrud, ya rubuta manhajar Grbl wadda ta sa wannan ɗan allo ya iya karanta umarnin nan ya tuƙa inji, shi ma ya sake ta kyauta. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A 2011 Edward Ford ya nemi gudummawar jama'a ta intanet don fitar da injin Shapeoko, da niyyar kada kuɗin haɗa shi ya wuce kamar dala 300. A 2016 aka fito da Maslow, wanda ke rataye da sarƙoƙi biyu a jikin allo mai jingine, yana iya yanka faifan katako mai ƙafa 4 da ƙafa 8. Masana'antun Sin kuwa da suka ga kasuwa ta buɗe, sai suka cika ta da wani ɗan inji da ake kira 3018, don faɗin wurin aikinsa santimita 30 ne da 18. Irin waɗannan, da kayan gyaransu, su ne suka yi ta shiga Amurka ta gidan waya ba haraji, su ne kuma hukuncin watan Mayu ya fara dokewa.

Lokacin annobar korona a 2020, da aka kulle mutane a gida, sha'awar ta ƙara bunƙasa, duk da cewa katako ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba a Amurka cikin watan Mayu na 2021.

To, amma tun ranar da injin ya shiga gida gardama ta biyo shi, kuma har yanzu ba ta mutu ba. Masu aiki da zarto da sauran kayan hannu suna cewa wanda ya danna maɓalli ya koma gefe yana shan shayi ba shi da ikon kiran kansa masassaƙi. Masu inji su kuma suna amsawa da cewa haka aka faɗa lokacin da zarto mai lantarki ya fito. Wanda ya duba maganar da idon basira zai ga kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Injin bai san katako ba. Bai san cewa itace yana kumbura da damina ya tsuke da rani ba, bai san inda jijiyar katako ta nufa ba, ba ya kuma jin ƙarar da ke gaya wa kafinta cewa ƙarfe ya dakushe. In aka tuƙa shi da sauri ƙarfen ya karye, in aka yi sanyin tafiya ƙarfen ya yi zafi ya ƙone katakon, wani lokaci ma har wuta ta tashi a cikin garin katako. Tun da yake kuma ƙarfen yankan zagayayye ne, ba ya iya fitar da kusurwa mai kaifi ta ciki, sai mai zane ya yi dabarar faɗaɗa kusurwar kaɗan don haɗin ya zauna, ko kuwa a gyara ta da hannu. Bayan inji ya gama, gogewa da haɗawa da shafa mai duk suna nan suna jiran mutum. Saboda haka wanda ya zana kujerarsa da kansa, ya zaɓi katakonta, ya san saurin da ya dace da shi, babu shakka ya yi sana'a.

Inda masu sukar suke da gaskiya shi ne wurin waɗanda ba su zana komai ba. Akwai kasuwa babba ta sayar da zane a intanet. Mutum zai sayi zanen allon ado da 'yan daloli, wasu dubbai su sayi wannan zane ɗin, kowa ya yanka nasa ya kai kasuwa yana cewa aikin hannunsa ne. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Wannan ne abin da ƙa'idar Etsy ta yi nufin tsayarwa, kuma a ganin wannan marubuci manufar tana da kyau, ko da yake hukuncin ya faɗa har kan mutanen da suka biya mai zane kuɗinsa bisa yarda, suna da takardar izni a hannu. Abin tambaya kuma shi ne yadda kamfani zai tantance wanda ya zana da wanda ya kwafa a cikin miliyoyin kaya.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan zurfi, watau ta manhajar zane. Injin na mutum ne, ya saya da kuɗinsa, amma manhajar da yake zane da ita sau da yawa ta haya ce ko ta alfarma. Dubban masu sha'awa sun koyi aiki da Fusion 360 ta kamfanin Autodesk domin ana ba su ita kyauta. A watan Satumba na 2020 kamfanin ya ba da sanarwar rage abin da mai amfani da ta kyauta zai iya yi: aka ƙayyade masa zane 10 da zai riƙa aiki a kansu a lokaci guda, aka kuma cire masa tafiyar gaggawa, watau umarnin G0 da aka ambata ɗazu, ta yadda aikinsa zai riƙa ɗaukar lokaci fiye da da. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya janye ɗaya daga cikin matakan, amma sauran suka tsaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata shekara uku yana koyon manhaja ɗaya, kuma duk zanensa yana ajiye a wurin mai ita, ba shi da bakin ciniki in an sauya masa sharaɗi.

Haka nan wuraren da aka gina don tara wannan jama'a ba duka suka ɗore ba. Kamfanin TechShop, wanda ya buɗe ɗakunan aiki inda mutum zai biya kuɗin wata ya yi amfani da manyan injuna, ya karye a watan Nuwamba na 2017. Kamfanin da ke buga mujallar Make tun 2005, yake kuma shirya bikin baje kolin maƙera tun 2006, ya sallami ma'aikatansa a watan Yuni na 2019, ko da yake daga baya an farfaɗo da mujallar. Sha'awa tana da yawa, amma ba ta biyan kuɗin hayar gini.

Batun lafiya ma ba a cika kula da shi ba. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon, musamman a cikin hanci. A masana'anta akwai doka da mai duba bin doka. A garejin gida kuwa, inda ɗakin yara yake bayan bango ɗaya, babu mai zuwa duba ko an sa injin zuƙe ƙura.

Mai yiwuwa mai karatu ya ce mene ne ruwanmu da wasan masu hali a Amurka. Ruwanmu shi ne mun taɓa bin irin wannan hanya. Da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a Nijeriya a 1982, an sayo kayan koyar da sana'a masu yawa daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantun sakandare, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikinsu a cikin akwatuna suka lalace, don babu ɗakin da za a girka su, babu wuta, babu malamin da ya san su. Abin da ya raya injin nan a gidajen Turawa ba arahar sa kaɗai ba ce. Jama'a ce da ke koya wa juna, wadda in injin wani ya ƙi tashi da dare, kafin gari ya waye wani daga wata ƙasa ya gaya masa wayar da ta kwance. A nahiyarmu ma an gwada: tun 2004 aka buɗe irin wannan ɗakin ƙira a makarantar koyon sana'a ta Takoradi a ƙasar Gana, da taimakon Cibiyar Massachusetts ɗin nan.

Duk shugaban kwalejin fasaha da ke tunanin sayen irin wannan inji, akwai abubuwan da suka fi farashinsa muhimmanci. Manhajar Grbl da LinuxCNC kyauta suke, kowane sashen koyar da lantarki yana da iznin ya kwafa, ya gyara, ya koyar da su, jikin injin kuma ana iya haɗa shi da ƙarfe da katakon gida. Abin da sai an sayo daga waje shi ne ƙananan injunan tuƙi, da sandunan da suke gudu a kai, da ƙarafan yanka, waɗanda suke karyewa a hannun ɗan koyo kamar alli. Sai kuma wuta. Aikin ƙofa ɗaya mai ado yakan ɗauki sa'o'i, in kuwa aka ɗauke wuta a tsakiya, injin da ba a sa masa maɓallan gane mafari ba zai manta inda ya tsaya, katakon da aka yi rabin yankansa kuma sau da yawa sai dai a mai da shi itacen girki.