Ƙarancin ƙwararrun likitoci: Inda gizo ke saƙar tsakanin digiri da ƙwarewa

A duk lokacin da aka tayar da zancen ƙarancin likitoci a Jihar Katsina, hankalin jama'a yakan karkata ne ga yawan ɗaliban da ake ɗauka a jami'a ko waɗanda ake turawa ƙetare. Shi ya sa aka yi maraba da matakin gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa na tura ɗalibai Masar domin karatun likitanci. Sai dai majinyacin da ke Ƙofa a Ƙaramar Hukumar Kusada, wanda hawan jini ya fara taɓa masa ƙoda, yana buƙatar likitan da ya ƙware a cututtukan cikin jiki na manya, kuma digirin farko bai kai mutum wannan matsayi ba. Akwai doguwar hanya a gaba, kuma a kanta ne Najeriya ta fi yin asarar likitocinta.

Bayan shekara shida a jami'a, sabon likita zai yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan ya yi shekarar hidimar ƙasa. Idan yana son ƙwarewa, sai ya fara cin jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu: Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1976. Wannan jarrabawa tana mayar da shi kan ilimin tushe, wato yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, yadda cuta ke lalata su, da yadda magani ke tasiri. Cin ta bai ba shi gurbi ba. Dole ya jira asibitin da kwalejin ta amince da shi ya buɗe ƙofar ɗaukar ma'aikata, ya sake zama wata jarrabawar da ganawar baki.

Wanda ya dace da gurbi zai yi aƙalla shekara biyu a matakin farko, yana zagaya sassan zuciya, ƙoda, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, hanta da hanji, huhu, da ciwon suga, yana kwana a asibiti idan layin jiran ko-ta-kwana ya zo kansa. Daga nan sai jarrabawar kashi na ɗaya. Idan ya haye, zai zaɓi reshe guda ya ƙara kimanin shekara uku a kai, ya rubuta kundin bincike, ya kare shi a gaban manyan malamai a jarrabawar kashi na biyu. Sau biyu a shekara ake yin waɗannan jarrabawowi, kuma faɗuwa sau ɗaya na nufin jiran wata shida. Idan aka haɗa lissafi, matashin da ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18 da wuya ya zama cikakken ƙwararre kafin ya haura 30, ko da yajin aiki bai ci masa lokaci ba.

Ga ɗan Katsina, wuraren da ya fi dubawa su ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda a da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ce kafin a ɗaga darajarta a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Dukkansu na Gwamnatin Tarayya ne, kuma ba su da ikon ɗaukar sabon ma'aikaci sai da sahalewar Abuja. Wannan ne ya sa Ƙungiyar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa ta Ƙasa, wato NARD, ta daɗe tana neman a bar asibitoci su maye gurbin duk likitan da ya tafi nan take. Buƙatar tana cikin dalilan yajin aikin da ta fara a ranar 26 ga Yulin 2023.

Akwai kuma wani ƙulli da mutane ba su cika lura da shi ba. Kwalejojin suna ƙayyade yawan masu neman ƙwarewar da sashe zai ɗauka ne bisa yawan ƙwararrun da za su koyar da su, da gadajen kwanciya, da kayan aiki. Saboda haka idan ƙwararren likitan ƙoda ɗaya ya tattara nasa ya nasa ya nufi Saudiyya, asarar ba ta tsaya ga majinyatansa ba, ta haɗa da ɗaliban da zai yaye a shekaru goma masu zuwa. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa kimanin likitoci 16,000 ne suka bar ƙasar cikin shekaru biyar zuwa bakwai. A watan Agustan 2021, ana tsakiyar yajin aikin da ya ɗauki kimanin wata biyu, ɗaruruwan likitoci suka yi dafifi a wani otal a Abuja inda ake tantance masu son aiki a Saudiyya. Wasu kuma tun kafin su kammala hidimar ƙasa suke shirin jarrabawar shiga Birtaniya ko Amurka.

Matsalar kuɗi ma tana nan. Rajistar jarrabawa, kwasa-kwasan dole, tafiya zuwa Legas ko Ibadan ko Abuja, da kuɗin bincike, duk suna cin albashi. Dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017 ta tanadi asusun da zai ɗauke wannan nauyi, amma jinkirin biya ya sa batun yake sake dawowa a kusan kowane yajin aiki, har da wanda aka fara a ranar 1 ga Nuwamban 2025. Likitan da jiha ce ta turo shi horo, tana biyansa albashi daga gida, shi ya fi jin jiki: yana aiki kafaɗa da kafaɗa da takwaransa na tarayya, amma alawus ɗinsa ya dogara ne da abin da gwamnatin jiharsa ta ga dama.

Me wannan ke nufi ga mazauna Ƙofa da maƙwabtansu? Babban asibitin da suka fi dogara da shi shi ne na Kankia, garin da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, kuma a nan ne makarantar koyon fasahar kiwon lafiya take yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Waɗannan ma'aikata suna iya auna jini da suga, su ba da maganin farko. Amma shanyewar ɓarin jiki, wankin ƙoda, ciwon hanta da ya yi nisa, ko ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda binciken da aka yi a Zariya tun shekarun 1970 ya nuna yana da yawa ƙwarai a ƙasar Hausa, duk sai an tura majinyaci Katsina ko Kano. A can zai tarar da layi mai tsawo, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga mai jinya da ya bar gona ko shago. Da yawa sukan koma gida su rungumi maganin gargajiya, sai ciwon ya ci ƙarfinsu a dawo da su.

An taɓa gwada hanyar tilas. A watan Afrilun 2023 wani ƙudiri na ɗan majalisa Ganiyu Johnson, mai neman hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aikin shekara biyar, ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, ya kuma sha suka daga ƙungiyoyin likitoci. A watan Agustan 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta fi karkata ga lallashi da kyautata yanayin aiki. Amma manufa a takarda ba ta buɗe gurbi ko ɗaya.

Abin da ke hannun jiha ya fi wannan sauƙin aunawa. Za ta iya ware adadin likitocin da za ta ɗauki nauyin horonsu kowace shekara, ta daidaita alawus ɗinsu da na tarayya, ta ƙulla yarjejeniyar cewa za su dawo su yi aiki na wasu shekaru. Za ta iya tara ƙwararru da kayan aiki a asibitocinta na birnin Katsina har kwalejojin su amince ta yi horon da kanta. Za ta kuma iya tsara ranar da ƙwararre zai riƙa zuwa Kankia duba marasa lafiya, domin rage wa mutanen Kusada da Ingawa tafiya. Ɗaliban da ke Masar za su dawo da digiri nan da 'yan shekaru. Idan suka tarar babu gurbin ƙwarewa a gida, za su neme shi a waje, kuma jihar da ta biya kuɗin karatunsu ce za ta tashi a tutar babu.