ZAƁINKA NA BIYU, A HANNUN WA YAKE?



Kowa ya sani tun ran 26 ga Yuli 2023 mulki yana hannun soja, kuma a watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa duka. Amma ko ba daɗe ko ba jima za a sake kafa akwati, kuma kafin a kafa shi sai an rubuta dokar zaɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa muka ga ya kamata mu auna dabaru biyu da ake ta magana a kansu a ƙasashen duniya, mu ga wadda za ta amfani talaka.

Dabara ta farko ita ce zaɓe na jeri. In ka aiki yaro Kasuwar Dole, kakan ce masa, "Sayo gero. In babu, sayo dawa. In babu dawa, sayo masara." To, haka wannan zaɓe yake. Ka sa 1 gaban wanda ka fi so, 2 gaban mai bi masa, 3 gaban na uku. Ga misali. Mutum 100 sun jefa ƙuri'a. Mai alamar tulu ya sami 40, mai fartanya 35, mai fitila 25. Babu wanda ya wuce rabi. Sai a fitar da mai fitila, a duba takardun mutanensa. Mutum 18 sun sa fartanya a lamba 2, mutum 7 sun sa tulu. Fartanya ya zama 53, tulu 47. An gama a rana ɗaya. Ostireliya tana yin haka tun 1918. Papuwa Niyu Gini tana jera mutum uku tun babban zaɓen 2007.

Me ya haɗa mu da wannan? Ku tuna 1993. A zagaye na farko, ran 27 ga Fabrairu, Tandja Mamadu ya zo kan gaba da kashi 34 cikin ɗari, Mahaman Usman ɗan Damagaram yana bi masa da kusan kashi 27. A zagaye na biyu, ran 27 ga Maris, Usman ya ci da kashi 54, don Mahamadu Isufu da Mumuni Adamu Jarmakoye sun juya masa mutanensu a ƙawancen AFC. Isufu ya zama firaminista, Jarmakoye ya zama shugaban majalisa. A 1999 Usman ya zo na uku, ya mara wa Tandja baya, ya zama shugaban majalisa. A 2011 Hama Amadu ya zo na uku, ya mara wa Isufu baya, shi ma ya zama shugaban majalisa.

Ku duba da kyau, jama'a. Sau uku ke nan zaɓin na biyu ne ya naɗa shugaban ƙasa, kuma sau ukun duka manya ne suka yi cinikinsa a Yamai. Manomin Mirya sai dai ya ji a rediyo an ce ga inda zai jefa. Kuma cinikin manya ba ya ƙarko. Ƙawancen 1993 ya watse a Satumba 1994, rikici ya shiga tsakanin shugaban ƙasa da majalisa, ran 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Bare Mainasara ya yi juyin mulki. Ba mu ce zaɓe na jeri zai hana soja fitowa daga bariki ba. Abin da zai yi shi ne ya mai da zaɓinka na biyu hannunka, ka rubuta shi da kanka, babu dillali. Ga kuma sauƙin kuɗi da wahala, don tsakanin 27 ga Disamba 2020 da 21 ga Fabrairu 2021 sati takwas ƙasa ta yi tana jiran zagaye na biyu.

Amma fa yana da nasa nauyi, kada mu ɓoye muku. Na ɗaya, da yawa cikin iyayenmu ba su shiga lakkol ba, kuma a 2020 'yan takara 30 ne suka tsaya. Jera su sai an koyar, in ba haka ba takardu su lalace da yawa. Na biyu, ba a iya ƙare ƙirga a rumfar zaɓe, sai an tara takardu wuri ɗaya, kuma hanya mai nisa ita ce gonar mai maguɗi. Na uku, zagaye na biyu yana ba mutum lokacin sake tunani, jeri kuwa ba ya bayarwa.

Dabara ta biyu ita ce buɗaɗɗen zaɓen fid da gwani, wato kowa ya zo ya zaɓa wa jam'iyya ɗan takara, ko yana da katinta ko ba shi da shi. A Faransa jam'iyyar gurguzu ta yi shi a 2011. Mutum ya biya yuro ɗaya, wajen sefa 656, ya sa hannu ya jefa. Fiye da mutum miliyan biyu da rabi suka fito, Faransuwa Oland ya ci, ya kuma ci ƙasa a 2012. Amma a 2017 gwanin da wannan hanya ta fitar musu, Benuwa Amon, kashi 6 kaɗai ya samu a babban zaɓe. A jihar Alaska ta Amurka tun 2022 ake haɗa dabarun biyu: kowa ya tsaya a takarda ɗaya, huɗun farko su wuce, sa'an nan a jera su.

A nan ƙasarmu, ƙofa a buɗe haɗari ce. Abokan hamayya sa iya cika motoci ranar kasuwa su zo su zaɓa muku rago, don su kayar da shi gobe. Mai kuɗi kuma ya sayi baƙi, ya danne ɗan kwamitin da ya yi shekara goma yana shan rana. Haka kuma mu guji ƙato bayan ƙato irin na makwabtanmu a Najeriya, don mai bin layi a fili maigidansa yana ganinsa, mai binsa bashi ma yana ganinsa. Amma barin mutum biyar su kulle ɗaki a Yamai su aiko mana ɗan majalisa, wannan ya fi duka muni.

Saboda haka ga shawararmu. Ran da aka sake buɗe siyasa, mu nemi kowane mai katin jam'iyya ya zaɓi ɗan takarar garinsa, a asirce, a akwati, a ƙirga gaban kowa. A wannan zaɓe na cikin gida ne za a fara gwada jerin mutum uku, da hoto da alama; birnin Niyu Yok ma yana amfani da zaɓe na jeri a zaɓen fid da gwani tun 2021. A nan takardu kaɗan ne, ido yana kansu, tsoho da tsohuwa sa koya ba tare da an yi asarar ƙasa ba. In hannu ya saba, sai mu nemi a sa shi cikin dokar ƙasa, da sharaɗin a manna sakamakon lamba 1 a ƙofar kowace rumfa, wakilai kuma su bi akwati har inda za a tara.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. Ku ɗauki tsakuwa ɗari ku gwada misalin tulu da fartanya da fitila a zaure, har kowa ya gane. Mata ma a gwada musu a cikin gida, don ƙuri'arsu ɗaya take da ta maza.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Wassalam.