Sunan Mai Rumfa: A Kafa Shi a Bango, ko a Ba Alƙali Ajiya?

Sanin kowa ne a kasuwannin Magarya da Dungas, har ma da ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis a tsallaken iyaka, cewa baƙo ba ya sayar da sa sai ta hannun dillali. Ba wai dillali ya fi kowa iya ciniki ba ne. Abin da ya sa ake biyan shi la'ada shi ne ya san masaukin baƙon, ya san garin da ya fito. Idan bayan kwana uku makiyayi ya zo ya ce san nan nasa ne, sace shi aka yi, dillali ake nema, shi kuma ya fito da wanda ya kawo. Amma duk da haka ba a taɓa ganin dillalin kirki ya hau kan turmi yana shelar sunan kowane baƙo da yawan kuɗin da ke aljihunsa ba, domin ya san ƴan fashi ma suna cin kasuwa. Sunan yana nan, yana hannun wanda za a iya tuhuma, kuma ba ya fita sai mai haƙƙi ya zo da hujja.

Wannan tsari da magabata suka daidaita ba tare da takarda ba, shi ne manyan ƙasashe suka kwashe shekaru suna sa-in-sa a kansa game da intanet. Duk wanda zai buɗe shafi nasa na kansa, sai ya yi hayar suna, irin waɗanda ke ƙarewa da .com ko .org ko .ne, daga wani kamfani mai rajista, kamar yadda ake kama rumfa a kasuwa. Wajen hayar yakan ba da sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa. Tun 1982 aka kafa wani kundi mai suna WHOIS, ma'anarsa "wane ne?", lokacin da masu amfani da hanyar ba su wuce malaman jami'o'i da ma'aikatan gwamnatin Amurka ba, kusan kowa ya san kowa. Da duniya duka ta shigo, kundin ya ci gaba da zama a buɗe: kowa, daga ko'ina, kyauta, yana iya rubuta sunan shafi ya ga mai shi har da ƙofar gidansa. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998 a Kalifoniya don kula da sunayen, ta wajabta wa kamfanonin rajista su bar shi haka.

Ranar 25 ga Mayu 2018 dokar Tarayyar Turai ta kare bayanan mutane ta fara aiki, da tarar da za ta iya kai yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a shekara. Kwana takwas kafin ranar, ICANN ta fitar da ƙa'idar wucin gadi ta rufe sunaye. Kamfanoni kuwa, da yake mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, yawancinsu ba su tsaya tantance Bature da Bahaushe ba, suka rufe na kowa. ICANN ta kai wani kamfanin Jamus mai suna EPAG kotu a birnin Bon don a tilasta masa ci gaba da karɓar wasu bayanan, kotu ta ƙi. Daga nan aka shiga taro bayan taro. An tsara wata babbar ƙofa guda da masu neman bayani za su riƙa bi, sai lissafi ya nuna za ta ci miliyoyin daloli da shekarun gini, aka jingine ta. A Nuwamba 2023 aka buɗe ƙaramar ƙofa ta gwaji, inda ɗan sanda ko lauya ke aika buƙata, amma ba a tilasta wa kamfanoni shiga ba, kuma wanda ya shiga shi ke yanke ko ya ba da ko ya hana. A Janairu 2025 aka sauke wa kamfanonin nauyin riƙe tsohon WHOIS, aka koma wata sabuwar hanya da ke iya nuna wa wani abin da ta ɓoye wa wani.

To, mai karatu na iya cewa ina ruwan mai sayar da riɗi a Bande ko malamin makaranta a Dogo-Dogo da wannan rikici na Turawa? Gaskiya ne akasarin ƴan kasuwar yankin WhatsApp ne ofishinsu, ba su da shafi, ba su kuma neman shi. Sai dai saƙonnin da ke shigo musu ta sallula, na "latsa nan ka karɓi tallafi", na guraben aiki da ake biyan kuɗin takarda, na taki mai rahusa da za a turo bayan an aika rabin kuɗi, na shafin da ya kwaikwayi kamfanin aika kuɗi har tambarinsa, kowanne akwai suna a bayansa da wani ya yi haya. Ɗan kasuwar da ya tura jika ɗari biyu ya ji shiru, ya je wurin jandarma, jandarma ya duba, abin da zai gani shi ne sunan wani kamfani a Amurka ko Turai da kalmar "an ɓoye". Kafin takarda ta tashi daga Magarya ta je Damagaram, ta je Yamai, ta ƙetare teku, mazambacin ya rufe rumfar ya buɗe wata da sabon suna. Masu cewa a sake buɗe kundin, wato jami'an tsaro da masu yaƙi da zamba da lauyoyin manyan kamfanoni, a nan suke kafa hujja, kuma hujjar tana da nauyi.

Amma akwai abin da ba su cika faɗa ba. Ko a zamanin da kundin ke buɗe, ɓarawo bai taɓa rubuta sunansa na yanka ba. Ya rubuta sunan ƙarya da adireshin kango, ko ya biya wani kamfani ya tsaya a madadinsa. Wanda ya rubuta gaskiya shi ne mai gaskiya: ƙungiyar manoma, ƙaramin ɗan jarida, ɗalibin da ya buɗe shafin garinsu. Su ne lambobinsu suka faɗa hannun masu tattarawa suna sayarwa, su ne mai jin haushi ke iya samun ƙofarsu. Buɗaɗɗen kundi ya fi tona mai gaskiya a kan ya kama maƙaryaci.

A ƙasar nan kuwa maganar ta fi haka nauyi, kuma ma'aikatan gwamnati da suka manyanta ba su buƙatar a tuna musu. Sun san zamanin Janar Seyni Kunce, lokacin da ofishin da ake kira Kwardinasiyo ke tattara rahoto kan wa ya ce me a wace majalisa, har mutum ya riƙa waiwaye kafin ya yi magana a gidansa. Ɗaya daga cikin ribar Taron Ƙasa na 1991 ita ce bakin da ya buɗe da jaridun da suka fito. Tun daga nan ake ja, ana saki. A 2019 aka yi dokar laifukan intanet mai hukuncin ɗauri kan ɓata suna, a ƙarƙashinta aka tsare ƴar jarida Samira Sabu a Yuni 2020 har sama da wata guda. A 2020 ɗin aka yi dokar sauraren wayoyin jama'a da sunan tsaron ƙasa, wadda ƴan adawa suka ƙi amincewa da ita. A 2022 aka cire ɗaurin, a Yuni 2024 aka mayar da shi. Wanda ya ga wannan kai-da-komo cikin shekara biyar, ya kuma ce a miƙa wa kowane mai kaki sunan duk mai shafi da zarar ya tambaya, to ya ba kura ajiyar nama. Malamin asibitin da ya buɗe shafi ya bayyana yadda magani ke ɓacewa daga sito, ko ɗan kasuwar da ya rubuta abin da ake karɓa a shingayen hanya tsakanin Tinkim da Damagaram, rufin sunan nan ne kaɗai garkuwarsa.

Saboda haka zaɓi tsakanin buɗewa duka da rufewa duka zaɓin ragwaye ne. Abu na farko da ya kamata a raba shi ne mutum da kamfani. Duk wanda ke kasuwanci bisa ƙa'ida a Nijar yana da lamba a rajistar kasuwanci ta RCCM, bisa dokokin OHADA, kuma an yi rajistar ne domin wanda zai yi hulɗa da shi ya iya bincikawa. Ba a taɓa jin mai kanti ya ce sunan kantinsa asiri ne ba. Me zai sa wanda ya buɗe shafi yana karɓar kuɗin jama'a ya fake da dokar da aka yi don kare talaka? Turawan da suka jawo rufewar ma sun gane haka: dokarsu ta tsaron intanet ta Disamba 2022 ta ce kamfanonin rajista su tabbatar da ingancin bayanan, su wallafa waɗanda ba na mutum ɗaya ba ne, su kuma amsa wa mai halattacciyar buƙata cikin awa 72.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ƙa'idojin ICANN ba su hau kan sunayen ƙasashe ba. Sunan .ne, wanda aka damƙa wa Sonitel kafin ta narke cikin Niger Telecoms a 2016, Nijar ce ke da ikon tsara masa doka, kamar yadda Najeriya ta damƙa .ng ga ƙungiyar NiRA. Kayan aikin ma akwai: dokar kare bayanan mutane ta 2017, wadda aka sabunta a Disamba 2022, da hukumar HAPDP da ta kafa. Abin da ake buƙata shi ne ƙa'ida rubutacciya, wadda kowa zai iya karantawa, har da Hausa, mai cewa: ana tantance mai haya da katin ɗan ƙasa kamar yadda ake yi wa layin sallula; sunan kamfani da lambarsa ta RCCM a fili suke; sunan mutum ɗaya kuwa ba ya fita sai da takardar alƙali mai bayyana laifin da ake bincike. Kuma a rubuta wanda ya tambaya. Wannan shi ne ginshiƙin: kowace buƙata ta shiga littafi, da sunan jami'in da ranar da dalilin, hukumar kare bayanai ta riƙa duba littafin, ta kuma bayyana wa jama'a kowace shekara buƙatu nawa aka kawo, nawa aka amsa, nawa aka ƙi. Jami'in da ya san sunansa zai zauna a takarda yakan yi tunani sau biyu kafin ya nemi adireshin wanda ya soki maigidansa.

Za a ce alƙali ma mutum ne, ana iya matsa masa. Haka ne, musamman a lokacin da aka jingine kundin tsarin mulki tun Yuli 2023, aka kuma rusa jam'iyyu a Maris 2025, babu ƴan adawa a majalisa da za su ɗaga murya. Amma takardar alƙali tana barin sawu, lauya na iya ƙalubalantarta, ko ba yau ba; kiran waya daga sama ba ya barin komai.

Saura batun iyaka. Cinikin Magarya da Dungas da Jigawa da Katsina yake, kuma zamba ba ta tsayawa a duwan. An rufe iyakar a Agusta 2019, an sake rufe ta a 2023, dabbobi da wake suka tsaya, amma saƙonnin damfara ba su tsaya ko kwana ɗaya ba. Najeriya ta yi tata dokar kare bayanai a Yuni 2023, da hukumar da ke kula da ita. Hukumomin biyu na iya ƙulla yarjejeniya ta yadda alƙalin Magarya zai nemi bayanin shafin .ng, na Gumel ko Daura ya nemi na .ne, amsa ta zo cikin kwanaki, bisa sharuɗɗan da aka ambata. Game da .com kuwa, wanda mazambata suka fi so, Nijar na iya magana a kwamitin gwamnatoci na ICANN, kuma abin da ya kamata wakilinta ya nema a can shi ne a wajabta wa kowane kamfanin rajista amsa takardar kotun ƙasa irin Nijar cikin wa'adi sananne, a kuma karɓi buƙatar da aka rubuta da Faransanci ba tare da an ce sai an ɗauki lauya a Amurka ba.